Gefen da Babu Laya

Malam Uwaisu ya ja igiya ya raba gonar marigayi ubansa gida biyu, taku sittin gabas, taku sittin yamma, rabin mutanen Rawayya na tsaye suna kallo kamar ana rabon gado.

Shekararsa biyu yana koyarwa a makarantar boko ta Bungudu, kuma a shekara biyun nan bai bar kowa ya huta ba. Ka ce masa an yi ruwa a Tsafe, sai ya ce wa ya gani. Yara tara 'yan Rawayya da ke ajinsa duk suka kwashi cutar, har ɗaya ya tambayi ubansa mece ce shaidar cewa layar Malam Arzika, wadda kowa ke binnewa a gona ranar shuka, tana ƙara gero. Yaro ya sha mari, iyaye suka ce a maido musu 'ya'yansu.

Shi ne Uwaisu ya nemi damina ɗaya. Za a binne laya a gabas, a bar yamma haka nan, iri ɗaya, noma ɗaya. In gabas ta fi, ya sallami yaran da hannunsa. In ba ta fi ba, a bar masa su. Malam Arzika ya binne layarsa a gaban jama'a, ya karkaɗe hannu ya tafi.

Uwar Uwaisu, Inna Uwani, ko leƙowa ba ta yi ba. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, in ya gaishe ta bango take amsa wa. Da aka kai mata labari ta ce ita awakinta ne gabanta. Abin ya yi wa Uwaisu ciwo ƙwarai, amma ya haɗiye, tunda ciwon zuciya ba ya aunuwa da igiya.

Duk Juma'a sai ya tako daga Bungudu da littafi da fensir, ya auna tsawon kara, ya ƙirga ganye, ya rubuta. Idon masana bai bar komai ba. Har garken awakin Inna ya lura da shi, ya ga bana kullum fes yake, ba ko kashin akuya a ƙasa, ya koma aji ya ba da misalinsa a darasin tsafta.

Da kaka aka ɗaure gero. Gabas dami tara, yamma dami sha huɗu. Malam Arzika ya shiga jan carbi da sauri. Yara sun tsira, kuma da mai ilimi ya san inda ake tsayawa, da an watse a nan.

"Saura shaida guda," in ji Uwaisu. "Kada gobe wani shi ce ba a binne komi ba. A ba ni fartanya."

Ya tona inda aka binne, babu laya. Ya ƙara gaba, ya koma baya, gumi ya jiƙa masa riga. Jama'a suka fara matsowa, uban yaron da ya sha mari na kan gaba.

Inna Uwani, da ta zo kalar gero da ƙwarya, ta kasa jure ganinsa cikin rami. Ta juya masa baya yadda ta saba, ta yi magana da dattawa.

"Ku ce ma yaron ga shi bar wahal da kainai, tana yamma. Ni nit tone ta washegarin shuka nim maishe ta can, nir riƙa turbuɗa takin awakina gindin kowane kara. Ku duka kuna da laya, shi kaɗai za a bari da gefe ba komi, ina raye?"