Waƙar da Ta Katse Kiwo

Ta ɗora 'yar sifikar a kan turmi. Waƙarta ce ta farko, jiya-jiya aka gama haɗa ta a wani situdiyo a Gwarzo. Baba ya ce sau ɗaya tak zai saurara. In ta motsa shi ta ci gaba, in ba haka ba ta manta da zancen waƙa.

Ta ƙure sauti. Muryarta ta cika tsakar gida. Baba ko gira bai ɗaga ba, yana ta tufkar igiyarsa.

Sai amshi ya zo, dogon kiran nan da take yi wa shanu lokacin tatsa tun tana ƙarama.

Shanun da aka kora kiwo yanzun nan suka juyo a guje, suka ture danga. Jar saniyarta ta iso turmi tana lasar sifikar.

Baba ya saki igiya, dariya har da hawaye.

"Kashe, ja'ira, kafin na maƙwabta su iso!" Ya goge ido. "A'a, tsaya. Maido min daga farko."