Bisimillar Baba a Kan Zomona

Har yau ina jin haushin Baba kan wannan Bisimillar, kuma na sha gaya masa.

Ina yarinya, muna zaune a Danau Kota, can ƙasar waje, yana karatu, muka kai zomona Tabo asibitin dabbobi a yi masa rigakafi. Ɗakin sai warin magani. Baba ya zura hannu cikin kwali, ya ciro Tabo ta kunnuwa, ya kwantar da shi kan teburin ƙarfe, ya danne ƙafafunsa, ya ce, "Bismillahi."

Haka na ga yana yi wa kaji a Kano ranar Sallah, ba bambanci. Na shiga duba hannun likitar ina neman wuƙa.

"Baba, kar a yanka shi!"

"Ke, allura ce! Kina ba ni kunya."

Likitar ta janye hannun Baba. "Tak boleh lah!" Wato ba a haka. Ta tallafi Tabo a ƙirjinta kamar jariri, ta yi masa allurar. Jikinsa na ta rawa.

Washegari da safe na ja kejin Tabo zuwa ɗakina, na tare ƙofa, na ce wa Baba, "Daga yau ba mai ɗaukarsa sai ni."