Farfelar Kassimu

Injin yana ihu kamar an taka masa wutsiya, jirgin kuwa yana jan ciki a kan ruwa. Kwandon tumatir shida ne kacal da mata uku, amma har wani tsohon masunci mai tuƙi da hannu ya wuce su yana yi musu sannu.

Kassimu yana tsaye a bakin dam, hannuwa a baya, yana tsaki.

A shekarar da ruwan sama ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, Kassimu ya sayar da shanun nomansa biyu, ya sayo jirgin katako da injin da ake ɗaurawa a bayansa. Yana tsallakar da masu lambu zuwa hanyar Makoda. Shi bai iya iyo ba, ko ƙafa ba ya sa wa a jirgin. Ƙanensa Musa ne ke tuƙi, kuma daga nan gidan duka ke samun tuwo.

A gona kam ba a ja da Kassimu. Fartanyarsa ana iya aski da ita, laujensa ko yaro ba a bari ya matsa kusa. Wannan ne ya sa yake ganin kowa rago ne ko jahili. Injin ma a ɗakinsa yake kwana. Da safe sai ya rufe ƙofa ya gama dube-dubensa, sannan ya miƙa wa Musa kamar mai ba da aron ido. Matar Kassimu, Rahmatu, ta gaji da share wani farin gari a bakin tabarmarsa. Da ta tambaya, cewa ya yi ta tsaya a madafi inda aka ajiye ta.

Watannin farko jirgin kamar ya tashi sama. Daga baya ya fara nauyi, kullum kaɗan-kaɗan. A wata na bakwai tumatir kan isa tsallake bayan motar birni ta tashi, masu lambu suka fara komawa kan jakuna.

Kassimu ya fara da mai sayar da fetur, wai yana gauraya masa kananzir. Ya sauya mai fetur. Ya sauya fulogi. Ya sa aka wanke kafireto. Ya ce baki ne na maƙwabta, har da su turare a gindin inji, Allah Ya shirye mu. Jirgi dai bai fasa rarrafe ba.

Ƙarshe aka ɗauko Sabo, bakaniken da ke gyaran injin ban-ruwa a Minjibir. Ya ta da injin, ya kasa kunne.

"Malam Kassimu, injinka lafiyarsa ƙalau. Da farfela ta fi ƙarfinsa, nishi za ka ji yana yi. Wannan ihun kuwa na wanda bai kama ruwa ba ne."

Ya ɗaga ƙafar injin. Farfelar, wato fankar da ke tura jirgin a ruwa, tana ta ƙyalli. Ya kai hannu zai juya ta, ya janye da sauri yana tsotsar yatsa. Kassimu ya yi ɗan murmushi.

Sabo ya zaro farfela uku daga buhunsa, ya ture biyu. "Waɗannan na gudu ne, ba na lodi ba. Kai mai faɗin kunne kake so." Ya ɗora ta ukun a kan tsohuwar. Kunnuwan tsohuwar ba su kai na sabuwar ba da yatsa biyu.

"Ai wannan ta ƙaramin inji ce. Da ita ka sayo shi?"

"Da babba na sayo shi. Da idona na gani."

"To, ka binciki inda taka ta shiga."

Kassimu bai binciki komai ba. Juyawa kawai ya yi ya kalli wanda ke wuni da injin a tsallake, kusa da tashar motocin birni.

"Yaya, ni?" in ji Musa. "Wallahi ko noti ban taɓa kwancewa ba. A kawo Alƙur'ani in dafa."

"Ɓarawo ya taɓa rasa rantsuwa? Cikin da aka ciyar shi ke cin amana."

A gaban masu lambu ya faɗa, da mata masu wanki, da Sabo da ke ta neman inda zai sa idonsa. Dattawa sun sa baki. Kassimu ya ce su da ko fartanyarsu ba su iya gyarawa ba, me suka sani game da inji?

Ranar Laraba Musa ya ɗaure tabarmi da tukwane. Shi da matarsa Zuliha da 'ya'yansu uku suka bi motar kudu, a shekarar da ko ɗan'uwa ba ya maraba da baƙo. Rahmatu ta ƙulle musu ɗan garin da ya rage a cikin gefen zane, ba tare da mijinta ya gani ba.

Kassimu ya ɗauki wani matuƙi. Da sabuwar farfela jirgin ya tsaga ruwa da kwando goma sha biyu. Ya bi majalisa-majalisa yana cewa kowa ya ga abin da ya faɗa, shi ba a yi masa wayo.

Washegari da safe ya rufe ƙofar ɗakinsa, ya jawo injin kan tabarma. Ya shafa bakin sabuwar farfelar da babban yatsa, ya taɓe baki.

"Mutanen birni ke nan. Abu a dakushe, ta yaya zai yanka ruwa?"

Ya laluba ƙarƙashin gado ya zaro magagarin da yake wasa fartanyarsa da shi, ya yi bisimilla, ya shiga goga mata baki kamar yadda ya yi wa waccan kowace safiya wata bakwai cur.