Wa Ya Kawo Tunku?

Yau ma Litiana ta tsinci kazarta ba kai, kuma da rana tsaka. Ba ɓera ba ne, shi sai dare. Duk wanda ya taɓa zuwa babban tsibirin Fiji ya san aikin tunku, wanda masu gonar rake suka shigo da shi don ya cinye ɓeraye, shi kuwa ya ga kaji sun fi daɗi. Doka ɗaya ta tsare ɗan tsibirin su Litiana: duk kayan da kwalekwale ya kawo, a bakin ruwa ake kwance shi.

Zama ya gagare ta. Ta zaga gida, ta zaga gonar gwaza, ta sake dawowa. Kyanwarta ma ta daina shiga ɗaki. Ta nufi Vilimoni mai kwalekwale.

"Kai ne kullum a ruwa kamar kifi. In ba kai ba, wa zai kawo mana wannan masifa?"

"Goggo, ni ɗan dako ne," in ji shi. "Abin da aka ɗora mini nake kawowa."

A taron gari ita ta fi kowa zafi. "Duk wanda tunkun ya shigo a kayansa, ƙafarsa kada ta ƙara taka ƙasar nan." Mai gari ya amince nan take. Dama ba mai ja da Litiana. Ko ranar da ɗanta Apenisa ya aiko mata da tsaraba daga babban tsibiri, samarin da ke kwance kaya a bakin ruwa hanya kawai suka ba ta.

Aka baza tarkuna har bayan coci, ba a kama komai ba. Kajinta dai suka ci gaba da ƙarewa, na maƙwabta kuwa lafiya lau.

Abu ɗaya ke sanyaya mata rai: Apenisa na zuwa Kirsimeti, bayan shekaru ba ta sa shi a ido ba. Ta tara mata su taya ta gyaran ɗaki, har da matar mai gari. Cike da alfahari ta jawo ɗaurin tabarmin da ya aiko daga ƙarƙashin gado.

"Ku zo ku ga abin da ɗana ya saya mini. Ko yashi ban bari ya taɓa su ba."

Ta kwance igiyar. Tsakiyar ɗaurin a rarake take, cike da gashin kajinta, ga 'ya'yan tunku kwance a ciki suna kallon matar mai gari.