Ƙyauren Ɗakinmu

Da la'asar ɗin da rafin Romi ya yi ambaliya, Baba ya shigo jiƙe sharkaf, ya sa guduma ya ɓalle ƙyauren ɗakinmu. Shi da mazan unguwa za su ɗauko Mama Laraba a kai, tsohuwar maƙwabciyarmu da ba ta iya tafiya.

Na riƙe wandonsa. "Baba, mu da me za mu rufe?"

"Ƙyaure ba ya tare ruwa, 'yata. Hau tebur, kar ki sauko."

Na hau, ina kallon jan ruwa yana lasar dokin ƙofa. Ihu ko'ina, amma na kasa tsinto muryarsa.

Ya dawo, tsohuwa ta tsira, ƙyauren ya bi ruwa. Har yau in hadari ya haɗo, sai na tashi na taɓa ƙofata.