Baƙin Girbin Hajiya Tabawa

Tun da Tafkin Chadi ya sake cika, mutanen ƙetaren teku suke ta tururuwa neman aikin gona. Amma doka ta ce ba a ɗaukar baƙo sai gwamnati ta tabbatar babu ɗan ƙasa mai buƙatar aikin.

Hajiya Tabawa, mai gonar alkama a Baga, ta je ofishin izini da hantsi. Jami'in, Malam Goni, ya aika kira zuwa wayar kowa a jihar: "Wa ke neman aikin girbi?"

Har azahar ba wanda ya amsa.

"Hajiya, kowa na da abin yi," in ji shi, yana murmushi. "An ba ki baƙi shida."

Ƙwalla ta cika mata ido. Neman irin wannan aikin ne ya kai mahaifinta Sahara, bai dawo ba.

Malam Goni ya miƙo mata awarwaro shida masu na'urar bin sawu. "Ki sa musu. In girbi ya ƙare, da su za mu nemo su."

A ƙofa ta tarar da baƙin tsugune cikin rana, fatarsu ta yi jawur.

"Ku tashi, bayin Allah," ta ce. "A gidana, baƙo sai ya ci tuwo kafin a ɗaura masa komai."