Sunan Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Shekara uku ke nan da aka hana masu sharhin besbol, wasan ƙwallon da ake bugawa da sanda, kiran sunan ɗan wasa a talabijin, sai lamba. Wai suna yana raba kan 'yan kallo. Ranar wasan kusa da na ƙarshe Hajiya Tabawa ce ke sharhi, a gefenta kujerar Malam Ɗanjuma, wanda aka kora bara saboda ya yi suɓutar baki ya kira sunan wani ɗan wasa.

Mai lamba 17 ya maka ƙwallo ta haye katangar filin, bugun da ya fi kowanne daraja a wasan.

"Hajiya, lamba kawai," in ji darakta ta na'urar kunnenta. "Ki tuna da Ɗanjuma."

"Ina tune da shi, ɗana." Ta jawo makirufo. "Jama'a, wannan Sallau ne, ɗan unguwar Gwale. Uwarsa ba lamba ta haifa ba."

Kafin su kashe makirufon, ta riga ta ɗauki jakarta.